Indiyar fim da Indiyar zahiri: abin da baƙo ke tararwa a gidan Ba'indiye

Jirgin da ya taso daga Addis Ababa idan ya sauka a filin jiragen sama na Indira Gandhi da ke birnin Delhi, mutane iri-iri ne ke fitowa daga cikinsa. Akwai ɗan kasuwar da ya zo neman dillalin magunguna ko na kayan gyaran babur, akwai matashin da ke tura keken mahaifinsa da aka rubuto wa aikin ƙoda ko na zuciya, akwai kuma ɗalibar da ta samu gurbin karatu a Bangalore. A layin buga biza za su haɗu da Baturen da ya goyo jaka zai nufi Rishikesh koyon yoga. Ƙasa ɗaya dukkansu suka shigo, amma in sun koma gida, labarin da kowa zai bayar daban ne.

A shekarar 2019, kafin annobar korona, baƙi kusan miliyan 11 ne suka ziyarci Indiya, kuma kusan 700,000 daga cikinsu neman lafiya ne ya kai su. Ƴan Nijar ma ba a bar su a baya ba. Indiya ta buɗe ofishin jakadancinta a Yamai a 2009, Nijar ta buɗe nata a Delhi a 2011, sannan a watan Janairun 2020 aka ƙaddamar da babban zauren taro na Mahatma Gandhi da Indiya ta gina a Yamai. Yau ba abin mamaki ba ne ka ji wani a Maraɗi ko Damagaram yana cewa wansa na Indiya wajen jinya, ko ƙanwarsa na can tana karatun haɗa magunguna.

Duk wanda ya daɗe a can, zancensa kan koma ga abu guda, wato iyali. A Indiya iyali ne ke zaɓa wa yaro fannin karatu, shi ke zaɓa masa mata, shi ke kwana a kansa a asibiti. Sai dai abin da ke ɗaure wa Bature kai a wannan tsari, Bahaushe kallon gida yake yi masa. Abin da ke girgiza Bahaushe kuwa yana wani wuri daban, inda fina-finan da ya tashi da su ba su taɓa haska masa ba.

Tsoffin baƙi

Ba yau baƙi suka fara rubuce-rubuce a kan gidan Ba'indiye ba. Wajen shekarar 1030 malamin nan Al-Biruni, wanda ya zauna ya koyi harshen Sanskirit, ya kammala littafinsa a kan Indiya. Ya lura cewa mutanen ƙasar na ƙyamar cuɗanya da baƙo a ci da sha da auratayya, amma ya yi adalci ya ƙara da cewa raina baƙo cuta ce da ba wata al'ummar da ta kuɓuta daga gare ta.

Bayan shekaru 300, a 1333, Ibn Battuta ɗan birnin Tanja ya iso. Sarki Muhammad bin Tughluq ya naɗa shi alƙali a Delhi, ya yi shekaru a can. Ya ga yadda ake ƙona matan da mazajensu suka mutu, abin da ya sa ya kusa faɗowa daga kan dokinsa don firgita. Da ya gangara gaɓar tekun Malabar a kudu sai ya tarar da wata Indiya daban, inda ɗan ƴar'uwar sarki ne ke gadon sarauta, ba ɗansa na cikinsa ba. Abin sha'awa shi ne, wannan matafiyi ne dai ya ratso Sahara shekaru 20 bayan nan, har ya sauka a Takadda a 1353, garin da masana tarihi ke dangantawa da Azelik ta jihar Agadas. Da ya ga Massufa masu rufe fuska suna bin dangin uwa wajen gado, mutanen Malabar ya tuna. Ke nan tun ƙarni na 14 an riga an kwatanta gidajen Sahara da na Indiya.

Zamanin mulkin mallakar Ingila ya zo da wani irin kallo. A 1829 gwamna William Bentinck ya haramta ƙona matan mamata, bayan gwagwarmayar da ƴan ƙasa irin su Ram Mohan Roy suka sha. To amma Turawa da yawa sun mayar da munanan al'adu hujjar ci gaba da mulki. A 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi mai suna Mother India, inda ta tattaro auren ƙananan yara da ƙazanta da cututtuka ta ce wannan ce Indiya, don haka ba ta isa mulkin kai ba. Gandhi ya kwatanta aikin nata da rahoton mai duba magudanar ƙazanta. Bayan shekaru 30, a 1957, darakta Mehboob Khan ya ɗauki sunan littafin ya laƙaba wa fim ɗinsa, inda Nargis ta fito a matsayin uwar da ta riƙe gida da mutunci cikin talauci da bashi. Wannan fim ne iyayenmu da kakanninmu suka yi ta kallo a gidajen sinima na ƙasar Hausa har wasu suka haddace shi.

Abin da Bature ke gani

Baƙon da ya fito daga Turai ko Amurka yawanci da ɗaya daga cikin hotuna biyu yake zuwa. Na farko, Indiya ƙasar neman natsuwar zuciya, hoton da ya ƙara ƙarfi tun da mawaƙan Beatles suka je Rishikesh a 1968. Na biyu, Indiya ƙasar unguwannin talakawa da yara mabarata, irin wadda fim ɗin Slumdog Millionaire na 2008 ya nuna, wanda ya lashe kyautar Oscar 8 amma ya fusata Indiyawa da dama. A baya-bayan nan an samu hoto na uku, na bukin ƙasaita, musamman bayan auren Anant, ɗan attajiri Mukesh Ambani, a watan Yulin 2024, wanda aka yi watanni ana shagulgulansa har aka ɗauko Rihanna ta yi wasa.

Da zarar irin wannan baƙo ya shiga gida na gaskiya, tambayoyi ne ke fara tarbarsa. Kana da aure? Me ya hana? Nawa ne albashinka? Wa ke kula da mahaifiyarka da ka baro? A wajensa wannan shisshigi ne, a wajen masu gida kuwa hanyar sanin matsayin mutum ce. Yakan yi mamakin ganin injiniya mai shekaru 35 yana zaune da iyayensa, da matarsa da ƴaƴansa, yana kuma neman izinin tsoho kafin ya canja wurin aiki. Binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2019 ya nuna cewa fiye da rabin mabiya addinin Hindu a duniya a cikin irin wannan babban gida suke rayuwa.

Babban abin da ya fi tsaya wa Bature a rai shi ne auren haɗi. Wani bincike na 2018 da ya shafi gidaje sama da 160,000 ya gano cewa kashi 93 cikin 100 na ma'aurata iyaye ko dangi ne suka haɗa su. Har yau jaridun Lahadi na ɗauke da shafukan neman aure, inda iyaye ke zayyana tsawon ɗiyarsu da karatunta da asalinta, ga kuma shafukan intanet irin su Shaadi.com. Da Netflix ta fitar da shirin Indian Matchmaking a 2020, inda wata dillaliyar aure daga Mumbai ke haɗa samari da ƴanmata, muhawara ta kaure a Amurka da Ingila, wasu na ganin tauye ƴanci ne ƙarara. Abin da ke kuɓuce musu shi ne bambancin auren haɗi da auren dole. A birane yanzu iyaye kan kawo sunaye ne, yaran su gana, su yi ta magana ta waya, kuma kowanne na da damar cewa bai yi masa ba, ko da yake a ƙauyuka da yawa wannan dama ba ta kai ga ɗiya mace.

Rashin fahimtar kan kai ga rikici. A watan Afrilun 2007 ɗan wasan Amurka Richard Gere ya rungumi jaruma Shilpa Shetty ya sumbace ta a kumatu a gaban jama'a, wajen wani gangamin yaƙi da cutar sida a Delhi. An ƙona mutum-mutuminsa a tituna, wata kotu a Jaipur ta ba da sammacin kamo shi, sai daga baya kotun ƙoli ta dakatar da maganar. Shi a ganinsa raha ce. Duk wanda ya tashi a Tawa ko Tasawa kuwa ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin fushin.

Bahaushe kamar a gida

Soyayyar Hausawa da Indiya ta girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960 ƴan kasuwa Kwarori suka fara shigo da fina-finan Indiya gidajen sinima, jama'a suka karɓe su hannu biyu-biyu ba tare da jin yaren ba. Har laƙabi aka ba jarumai, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana a 1997 cewa Hausawa sun ga rayuwarsu ce a fina-finan: budurwa mai kunya, saurayin da ke tsakanin son zuciyarsa da umarnin mahaifi, da tufafin da suka rufe jiki. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan yadda wannan ya tsallaka cikin littattafan soyayya da fina-finan Kannywood. Yau kuma ga fassarar Indiya-Hausa a cikin kowace waya.

Don haka ɗan Nijar da ya shiga gidan Ba'indiye yakan ji kamar ya taɓa zuwa. Babban gidan da Bature ke mamaki, gandu ne, inda ƴaƴa maza ke zama ƙarƙashin uba, tukunya ɗaya, rumbu ɗaya. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi. Abinci da hannun dama ake ci, kuma a gidajen gargajiya maza ke fara ci. Yaro in ya ga babba yakan sunkuya ya taɓa ƙafarsa, kamar yadda namu ke durƙusawa. Matan da suka manyanta ba sa kama sunan miji, sai dai su ce baban wane. A jihohin Rajasthan da Haryana amarya kan ja mayafi ta rufe fuska a gaban surukinta da yayyen mijinta, amma ƙanen miji abokin wasanta ne, daidai da yadda muka sani.

Ko sunayen dangi ma sun fi kusa da namu. Faransanci da Ingilishi kalma ɗaya suke da ita ga baffa da kawu, amma harshen Hindi ya raba. Ƙanen uba chacha ne, wan uba tau, ɗan'uwan uwa mama, gwaggo bua, ƴar'uwar uwa mausi. Kakannin wajen uba dada da dadi, na wajen uwa nana da nani. Wanda ba a haɗa komai da shi ba ma, in ya girme ka, sai ka kira shi yaya ko kawu.

Wajen buki kuwa sai ka rantse a Zangon Damagaram kake. Akwai daren lalle da suke kira mehndi, akwai ranar shafa wa ango da amarya kurkum, akwai ƙannen amarya da ke ɓoye takalmin ango sai ya biya, kwatankwacin sayen baki. Ranar kai amarya kuma kuka ake yi sosai, ita da uwarta da ƙawayenta. Wanda ya yi jinya a can zai ƙara maka da cewa a asibiti ba a barin majinyaci shi kaɗai, dangi ne cike da baranda da kwanukan abinci, kamar dai a asibitin gida.

Inda hanya ta rabu

Mamaki na farko yakan zo ne ranar da aka fara zancen kuɗin aure. A wajenmu namiji ke biyan sadaki, shi ke haɗa lefe. A mafi yawan Indiya kuwa iyayen amarya ne ke biyan dangin ango, abin da ake kira dahej: kuɗi, zinariya, babur, mota, wani lokaci har gida. Gwargwadon karatun ango da aikinsa, gwargwadon farashinsa. An haramta wannan al'ada da doka tun 1961, amma ba ta mutu ba, har ta shiga cikin Musulmi da Kiristocin ƙasar. Alƙaluman hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya na nuna cewa mata sama da 6,000 ne ke rasa rayukansu kowace shekara a rigingimun da suka shafi wannan dukiya, wasu an kashe su, wasu azaba ta sa sun kashe kansu.

Daga nan ne haihuwar ɗiya mace ta zama abin fargaba a wasu gidaje. Ƙidayar 2011 ta nuna cewa a tsakanin yara ƴan ƙasa da shekara 7, mata ba su kai 920 ba a kan kowane maza 1,000. Shi ya sa tun 1994 doka ta hana likita faɗa wa mai ciki jinsin abin da ke cikinta. Matan Afirka da ke zuwa awo a can kan sha mamaki idan suka tambaya a ɗakin hoton ciki aka nuna musu allon da ke cewa faɗin hakan laifi ne mai kai wa gidan kaso.

Mamaki na biyu shi ne tsarin asali da ake kira jati. Ana haihuwar mutum a cikin wani rukuni, a ciki zai yi aure, kuma a da can rukunin ne ke yanke masa sana'a. A can ƙasa akwai ƴan Dalit, waɗanda a da ko taɓa su ba a yi. Kundin tsarin mulkin 1950, wanda B. R. Ambedkar, shi kansa ɗan Dalit, ya jagoranci rubutawa, ya soke wannan wariya. Duk da haka wani babban binciken gidaje na 2011 zuwa 2012 ya gano cewa kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na aure ke tsallake iyakar jati. A wasu ƙauyukan arewa, majalisun dattawa kan yanke wa masoyan da suka karya ƙa'ida hukunci har na kisa, abin da ya sa kotun ƙoli ta fito a 2018 ta ce ba wanda ke da ikon shiga tsakanin baligai biyu da suka amince su yi aure. A fim, saurayi talaka kan samu ɗiyar attajiri bayan waƙa biyar da faɗa uku. A zahiri ba kasafai ake tashi haka ba.

Akwai kuma abubuwan da su Indiyawan ne ke mamakinmu. Auren zumunci da muke alfahari da shi, a wajen ɗan Hindu na arewa kamar mutum ya auri ƙanwarsa ne, domin ko dangin nesa da aka haɗa kakan kakanni ba a aura, ko da yake a kudu ana auren ɗiyar kawu ko ta gwaggo. Auren mace fiye da ɗaya haramun ne ga ƴan Hindu tun dokar 1955, alhali binciken Pew na 2019 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 na mutanen Nijar a gidan da ke da kishiya suke zaune. Saki abu ne mai wuya da abin kunya a can, kuma saki uku a lokaci guda ya zama laifi a dokar ƙasa tun 2019. Bazawarar da za ta gama idda ta sake aure cikin wata shida, kamar yadda aka saba a nan, abin al'ajabi ce a wajensu. A birnin Vrindavan akwai dubban matan da mazajensu suka mutu, sanye da fararen kaya, da yawansu dangi ne suka yasar da su. Wajen haihuwa ma an rabu: binciken lafiya na 2019 zuwa 2021 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Indiya ya sauko zuwa ƴaƴa 2, a Nijar kuwa ya haura 6.

Launin fata

Akwai abin da Bature ba zai taɓa ba ka labarinsa ba, domin shi ba ya gamuwa da shi. A wuraren yawon buɗe ido, farar fata layi ake yi a ɗauki hoto da ita. Baƙar fata kuwa kallo ne ke bin ta, wani lokaci da dariya, wani lokaci da sunaye irin su kalu ko habshi. Ɗaliban Afirka sun daɗe suna kokawa kan masu gidajen haya da ke cewa an riga an kama ɗaki da zarar sun ga fuskar mai nema, da kuma zargin safarar ƙwaya da ake yi wa kowa kuɗin goro.

Abin kan wuce baki. A farkon 2016 wasu gungun mutane suka ci zarafin wata ɗaliba ƴar Tanzaniya a Bangalore, saboda haɗarin motar da wani ɗan Sudan ya yi wanda ba ta san shi ba. A watan Mayun shekarar aka kashe wani malamin Faransanci ɗan Kwango a kudancin Delhi a kan gardamar hawa adaidaita. A watan Maris na 2017 aka far wa ɗalibai ƴan Najeriya a Greater Noida bayan mutuwar wani yaro ɗan unguwa, har jakadun ƙasashen Afirka suka fitar da sanarwa suna kiran abin ƙyamar baƙi da wariyar launin fata.

Tushen abin na cikin gida. A shafukan neman aure, farar amarya ake nema, kuma sai a 2020 ne kamfanin da ke yin shahararren man nan Fair & Lovely ya canja masa suna zuwa Glow & Lovely bayan matsin lamba. Ɗan Afirka da ya nemi auren ɗiyar gida yakan ci karo da katanga uku a jere: launi, addini da asali. Abin takaici shi ne kalmar habshi da ake zagi da ita a yau, sunan mutanen Habasha ne da suka taɓa riƙe mulki a ƙasar. Malik Ambar, wanda aka kawo shi a matsayin bawa daga Habasha, shi ya riƙe daular Ahmadnagar, ya hana sarakunan Mughal sakat har rasuwarsa a 1626, kuma shi ya kafa garin da daga baya ya zama Aurangabad. Jikokin ƴan Afirka da ake kira Siddi na nan har yau a jihohin Gujarat da Karnataka.

Duk da haka, waɗanda suka zauna a can ba sa rasa labarin maƙwabciyar da ta riƙa aiko musu da abinci lokacin jinya, ko abokin karatun da ya kai su ƙauyensu bukin Diwali ko na sallah. Ƙasar da ke da mutane fiye da biliyan 1.4 ba ta da hali guda.

Indiya ba ɗaya ba ce

Kuskuren da baƙi suka fi yi, farare da baƙaƙe, shi ne su ga unguwa ɗaya su ce sun ga Indiya. Ƙasar na da jihohi 28, da harsuna 22 da tsarin mulki ya amince da su. A Chennai, Hindin da ka tsinta a fim ba zai kai ka ko'ina ba, Tamil ake yi. Musulmin Indiya sun kai miliyan 172 a ƙidayar 2011, wato sun ninka al'ummar Nijar sau da yawa, kuma a Hyderabad ko Lucknow ko Kerala kiran salla da naman halal ba abin nema ba ne. A jihar Meghalaya, ƙabilar Khasi ta wajen uwa take lissafin dangi, autar mata ce ke gadon gida, miji kuma shi ke tarewa, abin da zai tuna wa ɗan Abzin cewa a wajensu ma tanti na mace ne.

Wanda ke shirin tafiya yana da kyau ya riƙe wasu abubuwa. Maganar saniya ba abin wasa ba ce, jihohi da yawa sun haramta yanka ta, kuma a 2015 an kashe wani magidanci Musulmi a Dadri, kusa da Delhi, a kan jita-jitar ya ajiye namanta. Kusan mutum 4 cikin 10 ba sa cin nama sam, don haka a tambayi mai gidan haya kafin a ɗora tukunya. Kada namiji ya miƙa wa mace hannu sai in ita ta fara, haɗa tafuka a ƙirji ya wadatar. Kaɗa kai gefe da gefe ba ƙi ba ne, yawanci yana nufin to, na ji. A tafi da katin rigakafin shawara, kuma mai bizar da ta wuce kwanaki 180 ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwanaki 14 na farko. Zama bayan biza ta ƙare shi ne ramin da ya fi cin ƴan Afirka a can.

Laifi tudu ne

Mai dawowa daga Indiya yakan riƙe baki yana ba da labarin uban da ya sayar da gona don ya aurar da ɗiyarsa. Amma a tambayi magidancin da ke da ƴanmata uku a Maraɗi nawa kayan ɗaki da gara suka ci masa a auren bara. Asalin dukiyar amarya a Indiya ma kyauta ce da iyaye ke ba ɗiyarsu ta zama mallakinta, sannu a hankali ta rikiɗe ta zama haƙƙin da dangin miji ke ƙirgawa suna gori a kai. Ranar da surukai suka fara leƙa ɗakin amarya suna raina gado da kujeru, to an ɗauki wannan hanya.

Haka batun asali. Muna jinjina wariyar da ake yi wa ƴan Dalit, alhali a garuruwanmu har yanzu ana fasa aure don an gano kakan yaro mahauci ne ko maƙeri ko maroƙi, ko an ce jinin bayi ne. Sai a 2003 Nijar ta mayar da bauta laifi a dokar hukunta laifuka, kuma a 2008 ne kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani. Auren wuri da Katherine Mayo ta yi wa Indiya gori da shi, yanzu ya sauko zuwa kusan kashi 23 cikin 100 a can, a nan kuwa alƙaluman UNICEF na cewa kashi 76 cikin 100 na ƴanmata ana aurar da su kafin shekara 18. Man sauya launin fata ma ba sai an je Mumbai za a gan shi ba, yana nan a kowace kasuwa.

Gidan gandun da ke burge mu shi ma yana tsagewa a can kamar yadda yake tsagewa a nan. Matasa na ƙaura zuwa Bangalore da Dubai da Toronto, tsofaffi na zama su kaɗai, har ta kai a 2007 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba iyaye damar kai ƙarar ƴaƴan da suka ƙi ciyar da su. Ɗan Nijar da ke aiki a Aljeriya ko Libiya ko Faransa, yana turo kuɗi ƙarshen wata, yana jin muryar tsohuwarsa ta WhatsApp, ya san wannan ciwon ba sai an fassara masa ba.